Nazarin Lamari: PS5 Ɗaya, Mutum Uku, da Rumbun da Ya Ƙi Isa

Na'urar da ake magana a kanta ta wasan bidiyo ce, PlayStation 5 (PS5) ta fitowar farko, irin wadda Sony ta saki a Nuwamban 2020, mai cin faifai. A jikin kwali an rubuta GB 825. Abin da mai ita ke iya amfani da shi kuwa GB 667 ne da 'yan kai, domin manhajar da ke tafiyar da na'urar ta riga ta kame sauran. Mutum uku ke buga gem a kanta a gida ɗaya: maigidan da ya saya, da ƙanensa da ke zaune tare da su, da ɗansa mai shekara 12. Kowa da asusunsa, kowa da wasanninsa, rumbun ajiya kuwa ɗaya tilo.

Koken da maigidan ya zo mini da shi gajere ne: wuri ya cika. Duk ranar da wani ya so saka sabon gem sai an goge wani, wanda aka goge ɗin kuma ba a daɗewa mai shi zai neme shi. Intanet ɗin gidan ba mai gudu ba ne, kuma akwai iyakar datar da za su ci a wata. Abin da ya kai shi maƙura shi ne ranar da ƙanen ya goge masa Gran Turismo 7 don sabuntawar wasan harbinsa ta samu wurin sauka. Da aka tuhume shi sai ya ce, "Yaya, ai faifan yana nan, sai ka mayar." Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. PS5 ba ta buga wasa daga faifai, kwafe shi take yi gaba ɗaya zuwa rumbu, kuma abin da faifan zai mayar shi ne wasan yadda ya fito ranar farko. Duk gyara da ƙarin da aka yi masa daga baya sai an sake sauko da su ta intanet. Wannan wasan tseren kuwa tun fitowarsa a 2022 ya haura GB 100.

Kafin ya zo wurina ya riga ya yi yunƙuri ɗaya. Ya ji cewa akwai gurbin ƙara rumbu a cikin na'urar, ya sayo ɗan siririn rumbun M.2 mai TB 1, wato terabait ɗaya, kusan GB 1,000, ya buɗe ya saka, ya zauna daram. Da ya kunna sai na'urar ta ce ba za ta iya aiki da shi ba, a kashe a cire. Haushin wannan ne ya sa ya yanke cewa a karo na biyu zai sayi mafi tsada mai TB 4, ya huta har abada. Abin da yake so daga gare ni shi ne in faɗa masa wane kamfani ya fi.

Awo kafin saye

Na roƙe shi ya ajiye zancen kamfani tukuna mu buɗe shafin ajiya a saitin na'urar, mu ga me ke cin wurin. Mutane da yawa ba su taɓa buɗe shafin nan ba, alhali shi ne ke da amsar rabin tambayarsu.

Ga abin da muka tarar, a ƙiyasce. Wasannin PS5 sun ci kusan GB 330. Wasannin PS4, waɗanda suka taso da su daga tsohuwar na'urarsu, sun ci kusan 210. Hotuna da bidiyon wasa sun ci 45, akasarinsu na yaron ne, sai kuma gajerun bidiyon da na'urar ke ɗauka da kanta duk sa'ad da aka ci wani kofi, abin da ake iya kashewa a saiti. Sashen da na'urar ke tara tarkacen aikinta ya riƙe wajen 60. Bayanan inda kowa ya tsaya a wasansa ba su taka kara sun karya ba. Abin da ya rage fili bai wuce GB 20 ba.

Daga nan na ce kowannensu ya faɗi wasannin da yake taɓawa a kowane mako, har da waɗanda aka goge masa don dole. A nan aka ɗan yi gardama, domin kowa na ganin duk wasanninsa na kullum ne. Yaron ya dage a kan wani wasa, sai mahaifin ya nuna masa ranar da ya buɗe shi ta ƙarshe, ashe an shafe watanni. Ya ce, "Baba, ai zan koma masa ne." Ba mu musa masa ba, sai dai mun saka wasan a rukunin ajiya. Da aka gama tacewa, wasannin PS5 da lallai sai an same su a shirye a kowane lokaci sun tashi kusan GB 550. Na PS4, da waɗanda ke ciki da waɗanda ake son dawo da su, sun kai 500. Sai wasannin PS5 da aka gama ko aka jingine amma ba a son rasa su, wajen 300.

Lissafin da ya biyo baya shi ne zuciyar lamarin. In aka fitar da wasannin PS4 da bidiyoyin nan daga rumbun ciki, za a samu wurin wasa da ya kai kusan GB 600. Ba a cika shi maƙil, domin sabuntawa na buƙatar filin da za ta sauka ta warware kafin ta zauna, don haka na cire 100. Saura 500, buƙata kuma 550. Wato giɓin gaske a gidan nan bai kai girman babban wasa ɗaya ba, ga shi mutumin yana shirin sayen terabait huɗu a kansa.

Rumbu iri biyu, aiki iri biyu

PS5 na karɓar ƙarin ajiya ta hanya biyu, kuma rashin bambanta su ne ke jawo yawancin asarar kuɗi da nake gani.

Hanya ta farko ita ce rumbun waje da ake jonawa ta USB. Sharaɗinsa mai sauƙi ne: ya zama mai gudun gigabit 5 a daƙiƙa ko fiye, girmansa daga GB 250 zuwa TB 8, a jona shi kai tsaye ba ta mahaɗa mai baki da yawa ba. Wasannin PS4 suna buguwa daga cikinsa lafiya lau. Na PS5 kuwa ajiye su kawai ake yi, damar da ma sai a Afrilun 2021 aka ba da ita. Ba sa buguwa daga can, ba a kuma sauke su kai tsaye zuwa can. Hanya ta biyu ita ce gurbin M.2 na ciki, wanda aka buɗe wa kowa da kowa a Satumbar 2021, kuma abin da ke cikinsa yana buguwa tamkar yana rumbun asali. Na waje sito ne, na ciki kuwa ƙarin ɗaki ne da ake kwana a ciki.

Dalilin wannan tsauri ba son kai na kamfani ba ne kawai. Mark Cerny, wanda ya jagoranci tsara na'urar, ya yi bayaninsa a jawabinsa na Maris 2020. Tsohon rumbu mai juyawa irin na PS4 yana karanta abin da bai wuce MB 50 zuwa 100 a daƙiƙa ba, kuma yana ɓata lokaci wajen neman inda bayani yake a kan farantin. Shi ya sa masu haɗa wasanni a wancan zamani suke maimaita abu ɗaya sau da yawa a wurare daban-daban na rumbu don allurar karatu ta same shi kusa, suke kuma saka dogayen lunguna da lif a cikin wasa don su ɓoye jiran lodi. Rumbun PS5 yana karanta GB 5.5 a daƙiƙa tun kafin a yi zancen matse bayanai. Wasan da aka gina bisa tabbacin cewa abin da ya nema zai iso cikin ƙiftawar ido ba zai yi aiki daidai a kan abin da ke rarrafe ba.

Wannan ne ya bayyana abin da ya sami rumbun da maigidan ya fara saye. M.2 sunan siffa ce kawai. A cikin wannan siffa akwai masu magana da na'ura ta hanyar SATA, waɗanda gudunsu ba ya wuce MB 550 ko kusa da haka, akwai kuma na NVMe, hanyar da ta fi SATA gudu nesa ba kusa ba. Nasa na SATA ne, mai tsagu biyu a bakinsa, shi ya sa ya shiga gurbin amma aka ƙi shi. Wanda ya sayar masa bai tambaye shi me zai yi da shi ba, shi ma bai san akwai abin tambaya ba. Abin da Sony ta gindaya shi ne NVMe mai mahaɗin PCIe ƙarni na 4 da layi huɗu, ana so gudun karatunsa ya kai MB 5,500 a daƙiƙa ko ya wuce. Girmansa daga GB 250 ne zuwa TB 4 a farko, a 2023 aka ɗaga iyakar zuwa TB 8.

Kuɗinsa dai bai tafi a banza ba. Na ce ya sayi ɗan gidan USB da ake saka irin wannan rumbu a ciki, ya tabbatar gidan na SATA ne, sai ya zama rumbun wajensu. Wasannin PS4 na GB 500 da na PS5 da aka jingine na 300 duk suka shige, har da sauran fili. Da ba shi da wannan, da rumbun waje mai juyawa na TB 2 zan ce ya saya, domin aikin ajiya ba ya buƙatar gudu, kuma a kan kowane gigabait ya fi araha nesa ba kusa ba.

Darajar rumbun waje a gida irin wannan tana fitowa ne in aka auna lokaci. Wasa mai GB 100 a kan intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa zai ci sama da awa 22 kafin ya sauka, ban da datar da zai lashe. Wasan nan dai in daga rumbu mai juyawa za a kwafo shi, a gudun MB 100 a daƙiƙa, minti 17 ne. Daga rumbu marar juyawa ta USB bai kai haka ba ma. Da gidan na da intanet mai gudun gaske marar iyaka, da shawarata ta sha bamban, domin a irin wannan gida gogewa da sake saukewa ba wata wahala ba ce. Saboda haka nake ganin girman rumbun da mutum ke buƙata ya dogara da intanet ɗinsa kamar yadda ya dogara da yawan wasanninsa, kuma ba kasafai masu ba da shawara ke tambayar wannan ba.

TB 1, 2 ko 4

Bisa lissafi, TB 1 ya isa har ya yi yawa. Zai kai wurin wasannin PS5 zuwa kusan GB 1,500 a kan buƙatar 550. Ko da suna sayen manyan wasanni huɗu ko biyar a shekara, ba duka ne za su zama na kullum ba, wasan labari in an gama shi sai ya koma waje.

Abin da ya sa ban tsaya a kan TB 1 ba shi ne gurbin guda ɗaya ne. Wanda ya saka ƙarami yau ya ga bai isa ba gobe, ba ƙari zai yi a kai ba, cirewa zai yi ya sayi wani, ya kuma nemi inda zai juye abin da ke ciki kafin musanya. Rumbun asali kuwa manne yake da allon na'urar, ba a canza shi. Ga kuma yanayin gidan: mutum uku ne, kuma wasannin intanet irin na ƙanen kumbura suke yi da kowace sabuntawa. Call of Duty ya yi suna wajen wannan, ko da yake yana ba da damar cire sassan da mutum ba ya bugawa, kuma da ƙanen ya cire sashen labari da ya gama tuntuni an samu fili mai kauri nan take.

TB 4 kuwa na ƙi shi ƙiri-ƙiri. Na ce masa, "Malam, kuɗin da za ka ɗora don tashi daga biyu zuwa huɗu, wurin da ba za ka shiga ba za ka saya." Ya ce to in wasanni suka ƙara girma fa? Amsata ita ce kafin su cika terabait biyu da rumbun ciki da na waje da wasannin da ake bugawa da gaske, zancen sabuwar na'ura ake yi, kuma sayen fili yau don shekara huɗu masu zuwa caca ce a kan abin da ba a san farashinsa ba a lokacin. Ya amince da TB 2. Har yanzu ina ganin da ya ɗauki TB 1 bai yi kuskure ba.

A kan kamfani, wanda shi ne tambayarsa ta asali, maganata kaɗan ce. Duk sanannen rumbu da ya cika sharuɗɗan nan zai yi, kuma bambancin mai gudun 5,500 da mai 7,000 ba abin da ido zai gani ba ne a yawancin wasanni. Sayen na ƙarni na 5 don PS5 ɓarnar kuɗi ce, gurbin ba zai wuce gudun ƙarni na 4 ba. Abin tsoro shi ne jabu, mai rubutun terabait biyu a jiki da arahar da ta wuce hankali.

Ranar sakawa

Aikin ba ya buƙatar komai sai ƙaramin sukudireba mai kan kuros da wuri mai haske. An fara tabbatar da manhajar na'urar ta zamani ce, aka kashe ta gaba ɗaya, aka zare wayoyi, aka bar ta ta huce. A irin ta fitowar farko ana kwantar da ita tambarin PS yana kallon ƙasa, a zame murfin da ke sama. Gurbin na ƙarƙashin wani ɗan murfin ƙarfe mai sukuru ɗaya. A ciki akwai wani sukuru da ɗan zobe a ramin ƙarshe, wanda aka rubuta 110. Yawancin rumbuna girman 2280 ne, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80, don haka ana dawo da zoben ramin 80. Mutane kan manta da zoben nan su ɗaure rumbu kai tsaye, sai ya lanƙwashe. Ana tura rumbun a karkace har ya shige sosai, a kwantar da shi a kan zoben, a ɗaure ba da ƙarfi ba.

A nan muka ci karo da matsala ta biyu. Irin waɗannan rumbuna suna zafi, don haka Sony ta ce a haɗa su da ƙarfen zuƙe zafi. Maigidan ya sayi rumbu tsirara ya sayi ƙarfen daban, amma irin na kwamfutar tebur ne mai dogayen haƙora. Gurbin PS5 ba ya ɗaukar abin da kaurinsa ya wuce milimita 11.25 gaba ɗaya, wato 8 a saman allon rumbun, 2.45 a ƙasansa, sauran kaurin allon kansa ne, faɗi kuma kada ya wuce 25. Murfin ƙarfen ya ƙi rufuwa. Ƙanen ya ce a bar shi a buɗe mana, ai murfin waje zai rufe. Ban yarda ba, domin an tsara gurbin ne da murfinsa don iska ta bi ta inda ya kamata, kuma ƙura za ta samu hanya. Aka dakata har aka samo siririn ƙarfe da ya dace. Wanda bai saba da irin wannan aiki ba, ya sayi rumbun da ya zo da ƙarfensa a manne kuma aka rubuta ya dace da PS5, ya huta.

Da aka kunna, na'urar ta nemi a yi wa rumbun fomatin, abin da ke share duk wani abu da ke cikinsa, sannan ta auna gudun karatunsa ta nuna a allo. Ya haura 5,500. Wannan awon shi ne shaidar farko cewa ba jabu aka saya ba. Daga nan aka saita cewa sababbin wasannin PS5 su riƙa sauka a M.2, na PS4 kuma a rumbun waje. Kwashe wasa daga rumbun ciki zuwa sabon bai ɗau lokacin da za a ce an jira ba.

Da Xbox Series X ce ko S, tsarin tunanin ɗaya ne amma kayan sun bambanta: ta farko na barin kusan GB 802 daga TB 1, ta biyu 364 daga 512, kuma ƙarin rumbu mai gudu kati ne na musamman da ake soka wa a baya, wanda Seagate da Western Digital ke yi. Nintendo Switch 2 ta 2025 ma ba ta karɓar tsohon katin microSD don wasanni, sai mai suna Express.

Bayan wata shida

Gogewa don dole ta ƙare, rigimar da ke biyo ta ma haka. Datar da gidan ke ci a kan na'urar ta ragu sosai, ko da yake duk wasan PS5 da aka dawo da shi daga rumbun waje sai ya nemi sabuntawar da ta wuce shi yana ajiye.

Sabon rumbun ya kai kusan GB 900 a cike. Maigidan ya ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa da TB 1 ya saya da yanzu ya cika. Da muka duba, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke ciki wasanni ne da aka sauke don fili ya samu, aka buɗe sau ɗaya aka bari. Buƙatarsu ta gaske ba ta yi nisa da inda muka auna ta ba.

An samu tangarɗa sau ɗaya da rumbun waje, lokacin da yaron ya zare shi na'urar tana yanayin hutu don ya jona wani abu. Da aka mayar sai na'urar ta tsaya gyara shi, aka yi sa'a ba a rasa komai ba. Yanzu ya san sai an cire shi ta saiti, ko an kashe na'urar gaba ɗaya.

Abin da sayen rumbu bai magance ba shi ne bayanan ci gaban wasa. Na wasannin PS5 suna zaune ne a rumbun ciki kaɗai, ba sa komawa M.2, ba a kuma kwafe su ɗaya-ɗaya zuwa filas kamar yadda ake yi da na PS4. Hanyar kare su biyu ce: ajiyar intanet ta masu biyan rajistar Sony ta PlayStation Plus, ko kwafe na'urar gaba ɗaya zuwa wani rumbun USB na daban. Asusun maigidan ne kaɗai ke da wannan rajista, kuma ajiyar intanet ɗin ba ta shafi sauran asusun da ke kan na'urar ba. Na ƙanen da na yaron suna nan ba kariya in rumbun ciki ya samu matsala. Na ba shi shawarar ya ware ƙaramin rumbu don wannan kwafi, ya zaɓi bayanan ci gaba kawai ban da wasannin kansu, ya riƙa yi duk wata. Ya ce zai yi, amma a duba na ƙarshe da na yi wa na'urar bai fara ba.